Kowace shekara ana cewa tamu ce

Ishaya:
Salama gare ku iyayena da 'yan'uwa. Ina da tambaya, kuma ina roƙo kada wani ya ce na ja da baya, don ban ja ba. Kowane daren 31 ga Disamba ana karanta mana Irmiya 29:11, a ce Allah yana da shirin alheri dominmu, mu miƙe mu ce wannan shekara tamu ce. Ni ma nakan faɗa har muryata ta dishe. To ga shi na gama bautar ƙasa, takardu suna kwance a akwati. Gonar babanmu a ƙauye ba mai iya taka ta saboda 'yan bindiga. Na karɓi keke ina ja wa wani, sai aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, litar da muke sha ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, tun daga nan kuma ba ta waiwayo ba. In na ba da balas na sha mai, abin da ya rage ba ya kaiwa ko'ina. Shin alkawarin nan namu ne ko na wasu? In namu ne, sai yaushe? Abin da ya fi ba ni tsoro, yanzu in aka buɗe ayar a majami'a raina ɓaci yake yi.

Saratu:
Haba Yaya Ishaya! Kada ka bar Shaiɗan ya sa maka magana a baki. Allah ba mutum ba ne da zai yi ƙarya. Ka riƙe Markus 11:24, ka roƙa ka gaskata ka riga ka samu. Ni shaida ce. Na daɗe a gida ba aiki, na yi azumi, na ƙi yarda da maganar karaya ko ta fito daga bakin wa, yau ina koyarwa. Lokacinka na zuwa. Ka daina furta abin da ba ka so ya tabbata.

Malam Dauda:
An fara. Yanzu za a ce masa mai haƙuri shi ke dafa dutse. Tun muna yara ake dafa dutsen nan, har yau ban ga wanda ya sha romo ba.

Admin:
Malam Dauda a yi a hankali. Tambayar yaron nan mai nauyi ce, kada a mai da ita wasa.

Baba Dattijo:
Ishaya ɗana, sannu. Ba ka yi zunubi da tambaya ba. Yohanna Mai Baftisma, wanda ya nuna Yesu da yatsa a bakin Urdun, da ya ji jiki a kurkuku sai da ya aika a tambaya ko shi ne mai zuwan ko a jira wani. Yesu bai zage shi ba. Ya aika masa da amsa, sa'an nan ya juya ya yabe shi a gaban jama'a. Ka duba Matiyu 11.

Amma ina so ka yi mini abu guda kafin mu ci gaba. Ɗauki Littafinka ka karanta aya ta 10, wadda ta zo kafin wadda ake karanta maka. Sa'an nan ka koma sura 28 ka karanta ta duka. Ina jiranka.

Ishaya:
Na karanta Baba. Aya ta 10 cewa ta yi sai shekara saba'in ta cika a Babila. Gaskiya ban taɓa lura da ita ba.

Baba Dattijo:
Yauwa. Wasiƙa ce Irmiya ya aika wa mutanen da Nebukadnezzar ya kwasa zuwa Babila tare da sarki Yekoniya, kimanin shekara 597 kafin haihuwar Almasihu. Mutanen da aka raba da gidajensu da gonakinsu, kamar babanka. A lokacin annabawa biyu ne suke magana a Urushalima. Hananiya ya tsaya a Haikali gaban firistoci da jama'a ya ce cikin shekara biyu za a karya ikon Babila, a dawo da kayan Haikali, kowa ya koma gida. Har ya cire karkiyar itace daga wuyan Irmiya ya karya, don mutane su gani da ido. Ka san abin da Irmiya ya fara cewa? Ya ce amin, Ubangiji ya sa haka. Shi ma yana so ya zama gaskiya. Amma ba abin da Allah ya faɗa ba ke nan. Allah ya ce saba'in. Hananiya kuwa bai ga ƙarshen wannan shekara ba.

To ka lissafa. Mutumin da ya ji wasiƙar yana da shekara arba'in, ai ya san ba shi zai koma ba. A can za a binne shi. Duk da haka shi aka ce wa akwai shirin alheri, akwai bege a gaba. Alkawarin gaskiya ne, kuma ya cika, don a zamanin Sairus sarkin Farisa an ba su izini sun koma. Amma wanda ya ɗauko aya ta 11 ya lika mata watanni goma sha biyu, wa'azin Hananiya ya yi maka da ayar Irmiya. Ba Allah ne ya saɓa maka ba ɗana. Ranar da ba shi ya sa ba aka ba ka.

Saratu:
Baba ku yi haƙuri, ba gardama nake yi da ku ba, amma wannan bayani naku ba zai ƙara kashe masa jiki ba? Mutum ya zo da kuka sai a ce masa jira shekara saba'in? Dawuda fa ya ce ya gaskata zai ga alherin Ubangiji a ƙasar masu rai, Zabura 27:13. Masu rai ya ce, ba a kabari ba.

Malam Dauda:
Nan kam na bi bayan Saratu, ko da yake ta wata hanya. Wannan koyarwa ta jira ita ce ta kwantar da mu. Ana kashe mutane a ƙauyuka, a je jana'iza a yi waƙa, a ce ladanmu na sama, kowa ya watse, sati mai zuwa a sake haƙa wani ramin. Masu mulki sun fi kowa son irin wannan bege, don ba ya tambayar kowa komai.

Fasto Yakubu:
Salama. Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba. Saratu, ba wanda ya ce Allah ba ya amsawa a nan duniya. Yana amsawa, aikinki ma amsa ce, mun gode masa. Abin da Baba yake rarrabewa shi ne abin da Allah ya ɗaure kansa da shi, da abin da yakan yi bisa ga nufinsa. Ya ɗaure kansa cewa ba zai bar mu ba, ba zai yashe mu ba. Cewa ba abin da zai raba mu da ƙaunarsa cikin Almasihu, kuma Bulus da ya jera abubuwan a Romawa 8 har da yunwa da tsiraici da takobi ya sa, wato ya san suna iya zuwa. Ya yi alkawarin gafara, da tashin matattu, da ranar da zai share hawaye ya yi shari'ar gaskiya. Waɗannan ko ƙasa za ta kife suna nan. Amma takardar ɗaukar aiki kafin Ista, ban ga inda ya sa hannu a kai ba.

Kuma ki lura da Ibraniyawa 11. Sura ɗaya ce, bangaskiya ɗaya. Wasu sun rufe bakin zakoki sun tsere wa kaifin takobi, a 'yan ayoyi kaɗan gaba kuma wasu an jajjefe su, an kashe su da takobin. Ba a ce na biyun sun kasa furta maganar kirki ba. Cewa aka yi duniya ba ta cancanci zama da su ba. Abin da nake tsoro a koyarwar "ka furta ka samu" shi ne, ranar da abin bai zo ba, mutum yana da hanya biyu kawai: ya ce Allah ya yi ƙarya, ko ya ce shi ne marar bangaskiya. Na zauna da mutane da yawa da suka bar zuwa sujada ta waɗannan ƙofofi biyu.

Mu fastoci ma da laifinmu. Wa'azin shekara biyu ya fi cika majami'a, baiko ma ya fi kauri a daren.

Saratu:
To Fasto in haka ne me ya sa za mu yi addu'a da gaba gaɗi? Sai mu riƙa cewa in ka ga dama kawai?

Fasto Yakubu:
Ki yi kamar abokan Daniyel a gaban tanderu. Sun ce Allahnmu yana da iko ya cece mu, zai kuwa cece mu, amma ko bai yi ba, ba za mu yi wa gunkin sujada ba. Duka biyun a numfashi ɗaya suka faɗa. Ki roƙa da dukan zuciya, ki ambaci abin da sunansa. Sai dai kada bangaskiyarki ta rataya a kan amsar.

Anti Rifkatu:
Bari in sa baki, ni 'yar EYN ce, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, daga wajen Michika. Duk abin da kuke faɗa a takarda, mu a jikinmu muka karanta shi. A 2014, watan Afrilu aka kwashe 'yan mata 276 a makarantar Chibok, yawancinsu 'ya'yan ikkilisiyarmu ne. Kafin shekarar ta ƙare garuruwanmu sun faɗa hannun Boko Haram, a watan Oktoba har hedikwatarmu ta Kwarhi kusa da Mubi suka shiga, shugabanninmu suka koma Jos da zama. Wasu sun bi duwatsu zuwa Kamaru, wasu Yola, wasu har yau ba a san inda suke ba. Maigidana bai fita ba.

Ina gaya muku gaskiya, a watannin farko duk wanda ya zo mini da aya ji nake kamar in rufe masa ƙofa. Wata baiwar Allah ta ce mini da na yi addu'a sosai da hakan bai faru ba. Na yafe mata, amma ban manta ba. Saratu 'yata, ba da ke nake ba, amma ki riƙa auna maganar nan kafin ki faɗa wa wanda ke cikin makoki.

Abin da ya riƙe ni ba bayani ba ne. Matan Zumunta ne a inda muka yi gudun hijira, waɗanda ba su san ni ba, wata ta kawo zani, wata ta kawo tukunya, wata tsohuwa kuma takan zo ta zauna kawai ba ta cewa komai. Sai kuma Zabura 88. Wani mai bishara ne ya nuna mini ita. Tun daga farko har ƙarshe kuka ne, ba inda ta juya ta ce amma na gode, a duhu ta ƙare. Na ce ashe Allah ya yarda a sa irin wannan addu'a cikin Littafinsa. To ni ma ina da wurin tsayawa. Da ita na yi ta addu'a har bakina ya soma iya faɗin wata.

Maman Godiya:
Allah ya ƙara ta'azantar da ke Anti. Hawaye nake yi a nan.

Saratu:
Anti ki gafarce ni in maganata ta taɓa miki ciwo. Ban san wannan ba.

Anti Rifkatu:
Ba komai 'yata. Ga sauran labarin kuma, don kada ku ɗauka a kuka muka tsaya. Mun koma. Mutane sun yi sujada a ƙarƙashin itatuwa kusa da bangon da aka ƙone, kamar yadda aka fara ikkilisiyarmu a gindin tsamiya a Garkida a 1923. An sake yin rufi kaɗan kaɗan, an koma Kwarhi, a 2023 kuma aka yi bikin cika shekara ɗari. Ba wai an gama ba. A Janairun 2020 aka kashe Rabaran Lawan Andimi, shugaban ƙungiyar Kiristoci ta CAN na Michika, bayan 'yan Boko Haram sun kama shi. Duk wanda ya ga bidiyon da aka sa shi ya yi yana hannunsu ya ga mutumin da bai karaya ba, yana cewa yana hannun Allah, yana roƙon iyalinsa kada su yi kuka. Mun yi azumi mun yi addu'a a sake shi. Ba a sake shi ba. Har yau ban san dalili ba, kuma na daina yarda da duk wanda ya ce mini ya sani.

Malam Dauda:
Anti na rusuna miki. Amma tambayata tana nan. Leah Sharibu tun Fabrairun 2018 aka ɗauke ta da 'yan matan makarantarsu a Dapchi, aka sako sauran da suka rayu aka riƙe ta. Kowace shekara mu yi taron addu'a mu sa hotonta a Facebook. Wannan shi ne begen? Ni abin da nake ƙi shi ne a mai da bege maganin barci.

Baba Dattijo:
Dauda, ai da ka karanta wasiƙar da kanka da ka ga ba ta barci ba ce. Aya ta 5 zuwa 7: ku gina gidaje ku zauna, ku dasa gonaki ku ci amfaninsu, ku yi aure ku aurar da 'ya'yanku, ku ƙaru kada ku ragu, ku nemi zaman lafiyar birnin da kuke ciki ku yi masa addu'a. Masu bin Hananiya ne suka zauna a kan ƙunshin kayansu suna jiran shekara biyu, don me za ka dasa itace in gobe za ka tafi? Wanda ya yarda zaman mai tsawo ne shi ke ɗaukar fartanya. Neman lafiyar gari kuwa ya haɗa da yin katin zaɓe, da zuwa gaban hakimi da shugaban ƙaramar hukuma a faɗi gaskiya, da zama da maƙwabtanmu Musulmi waɗanda su ma ake sace musu mutane a kan hanya ɗaya da namu. Ba wanda ya ce ka yi shiru.

Amma abin da na fi so in nuna wa Ishaya yana sura 32. Sojojin Babila sun kewaye Urushalima, Irmiya kansa yana tsare a filin matsara na gidan sarki. Sai ga ɗan kawunsa Hanamel ya zo ya ce sayi gonata da ke Anatot. Gonar da ke bayan gari, inda abokan gaba suka mamaye. Wane mai hankali ne zai saya? Irmiya ya auna shekel 17 na azurfa ya biya, aka rubuta takarda, aka kira shaidu, aka buga hatimi. Ya ba Baruk takardun ya ce a sa su cikin tulun yumɓu don su daɗe, gama za a sāke sayen gidaje da gonaki a ƙasar nan. Abin da ke burge ni, bayan ya gama biya sai ya koma ya yi addu'a, ƙarshenta kuwa kamar ƙorafi ne: ga birni ana ba da shi ga Kaldiyawa, kai kuma ka ce in sayi gona. Wato ya biya kuɗin tun zuciyarsa ba ta gama kwanciya ba. Shi kansa daga baya Masar aka tafi da shi, ba mu da labarin ya taɓa cin amfanin gonar.

Ishaya:
Baba wannan ya taɓa ni, don wani ya taya gonar babanmu da kuɗin da bai kai na akuya biyar ba, yana cewa ai ba za mu sake komawa ba. Yayyena suna so a sayar. Babanmu ya ƙi, muna ta ganin taurin kai ne irin na tsofaffi.

Malam Dauda:
Kada fa a sa yaro ya riƙe gona da aya alhali gidansu ba abinci. Irmiya Allah ne ya yi masa magana kai tsaye. Baban Ishaya wa ya yi masa?

Fasto Yakubu:
Wannan gaskiya ne Malam Dauda, kuma in muka ce sura 32 ta hana sayar da gona, mun yi abin da muke zargin wasu da shi, mun ɗauki maganar da aka yi wa mutum ɗaya mun mai da ita doka. In yunwa ta matsa ko ana neman kuɗin asibiti, a sayar, ba zunubi. Shawarar iyali ce. Abin da zan ce kawai, a tabbata lissafi ne ya sa aka sayar, ba don an yanke cewa Allah ya gama da wannan ƙasa ba.

Baba Dattijo:
Na yarda da Fasto. Ni ɗan ikkilisiyar ECWA ne, bari in tuna muku namu farkon. 'Yan mishan uku suka sauka Legas a 1893 da niyyar shigowa ƙasar nan, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham. Cikin 1894 Gowans ya mutu a Girku, Kent ya mutu a Bida, ba su ga ko mutum ɗaya da ya tuba ba. Bingham ya koma gida, ya sake zuwa, zazzaɓi ya sake kora shi. Sai a karo na uku aka samu aka kafa tasha a Patigi a 1902. In da a ƙarshen 1894 aka buɗe zaure irin wannan aka tambaya ko alkawarin Allah ya cika wa Gowans, me za mu ce? Mu da ke rubutu a nan muna cikin amsar, shi kuwa bai gan mu ba.

Saratu:
Na ji duka Baba, kuma na ƙaru. Amma ni dai ba zan daina gaya wa Yaya Ishaya cewa Allah zai iya buɗe masa ƙofa a bana ba. Zai iya. Kada mu gudu daga Hananiya mu faɗa inda ba ma sa ran komai.

Fasto Yakubu:
Ki ci gaba da faɗa masa zai iya, ni ma ina tare da ke a nan. Wurin "ya ce zai yi kafin Disamba" ne kawai zan riƙe miki hannu.

Maman Godiya:
Ni ban iya dogon bayani ba. Ishaya, kana wane gari yanzu? Maigidana yana da fili a bakin rafi da ba mu noma rabinsa, in kana iya noman rani ka zo ka duba, tumatir da albasa suna yi sosai a wurin. Injin ban ruwa ne sai dai ku haɗa kuɗin mai da yaranmu. Ka yi mini magana ta gefe.

Malam Dauda:
To wannan wa'azin na Maman Godiya shi na fi ganewa. Ishaya in za ka je ka fara tambayar kuɗin taki, don buhu yanzu ba wasa ba ne. Kuma Fasto, maganar Leah ba ku ba ni amsa ba, ina sane.

Fasto Yakubu:
Ban ba ka ba don ba ni da wadda za ta ishe ka. Muna roƙon Allah, muna kuma tambayar gwamnati a duk inda muka samu bakin magana, ba za mu bar ɗaya saboda ɗaya ba. In kana da abin da kake ganin ikkilisiya za ta yi fiye da taron shekara shekara, kawo shi a rubuce ranar Asabar a taron Zumuntar Maza, zan ba ka lokaci.

Ishaya:
Mama na aiko miki saƙo. Baba, zan je wurin babanmu ƙarshen mako mu zauna da yayyena kan maganar gonar, zan karanta musu sura 32 da abin da Fasto ya ce duka, kada in kai rabi. Anti Rifkatu, Zabura 88 ɗin a wace fassara kika karanta? Tawa tsohuwar ce ta kakarmu, wasu kalmomin suna ba ni wuya.

Anti Rifkatu:
Sabuwar nake da ita. Zan ɗauki hoton shafin in turo maka in an kawo wuta, cajina ya kusa ƙarewa.